Yashin da na goge a Agadas

Tun da na dawo daga Agadas ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Minanata ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Bello, ba ka ba mu labarin hamada ba." Wani ya ce a nuna masa hotuna. Na yi ta ce musu tabulet ɗin ba caji, har aka samu wani marar tausayi ya fara zuwa da caja a aljihu. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Kafin komai ku sani, daga Sakkwato har Argungu babu mai ɗaukar hoto kamata. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, ban taɓa fitar da amarya da ido a rufe ba. Na taɓa ɗaukar wata tsohuwa mai haƙori biyu, da na gama gyara hoton sai da mutum uku suka zo situdiyo suna tambaya ko tana da miji. Da wannan girman kan na hau mota.

Wanda ya ja ni tafiyar Ilyasu ne, ɗan kawuna, wato taubashina. Tare muka tashi a Unguwar Rogo, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana", ni kuma in ce masa "ɓarawon ƙuli". Shekara tara ke nan yana Agadas yana gyaran babura a wurin wani Buzu mai suna Agali. Sana'ar Agali ita ce ya kwashi masu neman wahala da gangan, ya kai su cikin tuddan yashi, su yi ta tsere da tsalle a kan manyan babura, wasu kuma su tsaya a kan katako su gangaro daga ƙololuwa kamar an wurgo su. Yana son hotuna masu kyau da zai tallata aikin, sai Ilyasu ya ce yana da mutum.

Ya kira ni a waya. "Bawana, ka taɓa ɗaukar hoton wasanni?"

Na ce, "Ni kake tambaya? Ni da nake ɗaukar ƙuda yana cikin tashi?"

Gaskiyar magana sau ɗaya na taɓa ɗaukar wasanni, a wata firamare, yara sun jeru sun riƙe kofi, hedimasta na tsakiya.

Sai ya sauke murya, abin da bai saba ba. "To ji nan. Shekara tara ban taɓa ce ma mutumen nan na san wani ba. Ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya gwada. Wanga shi na na farko, kuma da bakina nic ce na tsaya maka. Kada ka ba ni kunya."

Na yi dariya na ce ya je ya fara share mini ɗaki.

Ilyasu ya ce yanzu ba a yawo da albam, sai tabulet, wannan ƙatuwar waya mai faɗin tiren shayi. Na saya. Na zuba hotunan biki, na suna, na saukar karatu. Da na zo wurin wasanni sai na ga wayam. Ban damu ba. Na kira 'yan kabu-kabu uku daga bakin layinmu, suka shigo da baburansu cikin situdiyo, na ara musu hular kwano ɗaya suna karɓa-karɓa. Na ce kowa ya duƙa ya ɓata rai kamar yana gudu. Daga baya na cire bangon situdiyo na liƙa musu tuddan yashi a baya. Kada wani ya ce ƙarya ce. A garin nan kullum muna ɗora mutum a gaban benen da bai taɓa gani ba, ya rataye a falonsa, surukansa su zo su ce masha Allah.

Matata Balki ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Alhaji, wanga ba Sani mai kai yara makaranta ba na? Yaushe yat tafi Sahara da silifas?"

Na zana masa takalmi. Na ɗauka matsalar ke nan.

Da safe na hau motar Illela. Kafin mu wuce Gwadabawa tabulet ya zagaye motar sau biyu. Wani mai albasa ya shafa shi da yatsa har sai da gilashin ya fara sa ni hawaye, wata mata kuma ta karɓi lambata saboda bikin ƙanwarta. Na ce a raina, lallai wannan na'ura ita ce arziki. Albam sai ka buɗe wa mutum, wannan kuwa mutum ke roƙonka ya gani.

A kan iyaka, ɓangaren Ƙonni, wani jami'i mai ƙaton gashin baki ya tambayi abin da ke cikin na'urar. Na ce hotuna. Ya fara turawa da yatsa, fuska a murtuke, har ya kai kan wani ango. Ya tsaya. Ya ce, "Wannan shekararsa nawa?" Na ce ya kusa sittin. Ya sake duba hoton, ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce cikin ladabi ko zan iya yi masa irin wannan. Nan a ƙarƙashin rumfa na ɗauke shi, na rage masa shekara goma sha biyar da tumbi rabi. Abokan aikinsa biyu suka shiga layi. Direba ya yi ta danna ham, fasinjoji suna Allah ya isa, ni kuwa ina jin kaina a sama: ga shi tun ban shiga ƙasar ba sunana ya shiga.

Daga Ƙonni zuwa Tawa ba abin faɗi sai yunwa. A tasha na ce a ba ni shayi da burodi. Aka kawo mini kofi baƙi wuluk da madarar gwangwani, da wani burodi dogo mai tauri wanda a gida da shi za a kori akuya daga rumfa. Na ciza, dasashina ya yi ƙara. Mai shayin ya ce, "Ɗan Najeriya ne, ko? Ku kun saba da burodi mai kama da katifa." Na sauka a wani masauki kusa da tashar, inda fankar ɗakin ke juyawa a hankali kamar tana tunanin wani abu.

Hanyar Tawa zuwa Agadas kuwa, wanda ya ce hanya ce ya yi mata alheri. Ramuka ne aka jera, aka bar ɗan kwalta a tsakani don tunawa. Taya ta fashe kafin Abalak, wata ta fashe bayan Abalak. A nan wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini wani abu fari mai faɗi, busasshe. Na yi godiya na sa a ƙarƙashin tabulet don kada ya goge. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, cuku ne. Ci ake yi." Duk motar ta ɗauka da dariya. Na ci, kuma wallahi da daɗi, amma kunya ta hana ni neman ƙari.

Ilyasu na tsaye a tasha da kayan aiki duk baƙin mai. "Bawana! Dubi tumbi! Kai kac cinye abincin bikin Sakkwato duka?" Na ce ɓarawon ƙuli ya bushe kamar kilishi. Ya kai ni gidansa. Ya bar mini ɗakinsa, shi ya koma zaure. Matarsa ta sa aka yanka zabi biyu. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaishe da babban mai hoto daga Najeriya, domin Ilyasu ya riga ya cika unguwar da labarina. Na yi ta amsa gaisuwa kamar da gaske.

Washegari muka je wurin Agali. Dogo ne, siriri, ya naɗe kansa da fuskarsa da rawani, ba ka ganin komai sai idanu. Haka duk mazan da ke wurin. A gida mace ke rufe fuska namiji ya buɗe, a nan mata na yawo fuska a sake, maza ne a lulluɓe. Ni da fuska ce gonata, na duba na ga an kulle gonar. Kuma ba a maganar aiki sai an sha shayi zagaye uku, a 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi. Mu a Sakkwato kafin ruwan ya tafasa mun gama ciniki mun fara gulma.

Bayan kofi na uku na miƙa masa tabulet da hannu biyu. Ya wuce amare da sauri. Da ya zo kan 'yan kabu-kabuna sai ya tsaya, ya sa yatsa biyu ya buɗa hoton. Jama'a, wannan shi ne sharrin tabulet da mai sayarwa bai gaya mini ba. Hoton albam yadda ka ba mutum haka zai gan shi. Wannan kuwa ana shiga cikinsa har ɗaka. Agali ya shiga, ya gangara ƙasa, ya tsaya daidai kan ƙarfen da ake jingine babur. Yana nan a ƙasa, a tsakiyar gudu.

"Wannan tudun a ina yake?" in ji shi.

Na ce, "Can wajenmu ne. Bayan gari."

Ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗaga ido ya dubi Ilyasu, ba ni ba. Ilyasu bai ga abin da ya gani ba, yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Agali ya miƙo mini na'urar ya ce, "Ilyasu ya ce kai ne. Gobe da asuba."

Mota biyu muka fita da babura shida. Masu hawan samari ne daga Yamai, sai wata likita, ita ma daga can, da kowa ke kira Madam Fati, wadda ta fi su duka rashin tsoro. Kwana biyu kawai za su yi, su koma bakin aikinsu.

Ranar farko na gane cewa ashe duk rayuwata abin da ke tsaye nake ɗauka. Kafin in ɗaga kyamara babur ya wuce. Na ɗauki sama. Na ɗauki yashi. Na ɗauki rabin tayar baya sau wajen arba'in, har zan iya buɗe shagon taya da hotunan. Zufa ta cika mini ido, yashi ya cika mini takalmi, ga tudu in ka taka ɗaya sai ka dawo biyu.

Da abin ya ishe ni sai na koma ga abin da na iya. Na hau kan wani tudu, na hangi ɗaya daga cikin samarin ya taho a guje, na ɗaga hannu na daka tsawa irin ta filin biki: "Tsaya nan! Ɗago kai!"

Bawan Allah ya ɗauka hatsari ne a gaba, ya damƙe birki. Tayar gaba ta nutse, babur ya tsaya cak kamar yadda na umarta, shi kuma ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Ya mirgina har gindin tudu. Allah ya tsare bai karye ba, sai targaɗe a hannu, amma ƙarfen gaban babur ya lanƙwashe. Da ya tashi ya tambayi me ya faru, sai na ce haske ne ya yi kyau a wurin.

Ilyasu ya kwashe yammacin nan kwance a ƙarƙashin babur yana bugun ƙarfe. Ko kallona bai yi ba. Na matsa na ce, "Ɓarawon ƙuli, a kawo maka ruwa?" Ya ce, "A'a, na gode." Taubashi ya ce maka na gode, ka san ruwa ya ƙare.

Madam Fati ce ta ji tausayina. Ta ce, "Malam, kai kana jiran babur ya zo wurinka. Bi shi za ka yi. Ka kama shi tun daga nesa, ka juya da shi kamar kana rakiyar baƙo da ido, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Kuma don Allah ka rufe bakinka."

Rana ta biyu na rufe bakina na bi. Kuma sai abin ya fara kamawa. Ba zan yi ƙarya ba a wannan karon, domin ba ni da shaidar da zan kare ta: na ɗauki hotuna kusan goma da ban taɓa ɗaukar irinsu ba. Akwai ɗaya na Madam Fati, babur ya bar ƙasa gaba ɗaya, yashi ya tashi a bayanta kamar fiffike, rana ta ratsa ta cikinsa, fuskarta duk ƙasa da zufa, haƙora a waje. Na duba bayan kyamara na kasa yarda ni na ɗauka. Ilyasu ya leƙo ya gani, ya daki ƙeyata ya ce, "Kai bawana! Ashe kana da amfani!" Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Da rana ta take aka shiga inuwar tanti. Mutanen Agali suka gasa wata gurasa a cikin yashi mai zafi da toka, suka kakkaɓe, suka gutsuttsura a miya. Kowa ya ci ya miƙe ƙafa. Ni kuwa na ja gefe, na juye hotunan cikin tabulet, na fara aiki.

Ku fahimce ni. A sana'armu ba a nuna wa mai hoto ɗanyen hoto. Abin kunya ne, kamar ka kawo wa baƙo tuwo a tukunya. Ana share zufa. Ana cire ƙuraje. Ana ɗan haska fata. Duk abin da ya tare fuska ana kawar da shi. Na dubi Madam Fati, likita guda, matar mutunci, na ce ba da ni za a ga wannan baiwar Allah da ƙasa a hanci ba. Na wanke ta tas. Na rufe mata baki. Yashin nan da ya tashi ya tare rabin babur, na bi shi a hankali na goge, sai da babur ya fito fes kamar a shagon dila. Haka na yi wa sauran. Awa biyu ina wannan hidima, ina jin daɗin kaina.

Sannan na yi abin da nake yi kullum tun ranar da wata ƙanwar amarya ta tono ɗanyen hoton yayarta ta yaɗa wa dangin ango: na goge na asalin. Na goge a tabulet, na bi kwandon sharar cikin na'urar na zubar, na wanke katin kyamara. Hannuna ne ya yi, ko shawara bai nema ba.

Bayan la'asar, da aka zauna shayi, na miƙa wa Agali tabulet. Samarin suka taru a bayansa. Na koma gefe ina gyara zaman hula, ina jiran tafi.

Agali ya duba na farko. Ya tura na biyu. Sai Madam Fati ta ce, "Wacece wannan?"

Na ce, "Ke ce, Madam."

"Ni? Ina tsalle da babur da hoda a fuskata?"

Wani saurayi ya ce nasa kamar an ɗora shi a kan babur ɗin wasan yara. Hakika babu yashi babu gudu. Babura suna rataye a sama, tsaf-tsaf, ba abin da ya ɗaga su, ba inda za su. Sun koma daidai irin na 'yan kabu-kabuna.

Agali ya ce, "Ina yashin?"

Na ce, "Na share. Ya ɓata hoton."

"Yashin nake sayarwa, Malam Bello. Kawo na farkon."

Na hau gyara hular da ba ta karkace ba. Ilyasu ya san sana'ata, ya san babu sauran na farko. Na ga ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Masu hawa sun gaji, mai ya kusa ƙarewa, kuma da safe za su kama hanyar Yamai. Babu sakewa. Agali ya yi wa Ilyasu wata gajeriyar magana da Buzanci, ya zuba shayi na uku. Aka ba ni nawa. Ban taɓa shan abu mai zaƙi da ɗaci haka ba.

Da muka koma gari na tafi gidan Agali ni kaɗai, ban gaya wa Ilyasu ba. Na cire hula na faɗi komai: firamare da kofi, Sani mai silifas, bangon situdiyo. Na ce Ilyasu bai san ko ɗaya ba, ni na yi masa ƙarya a waya, in akwai hukunci a kaina ya kamata ya sauka. Ya saurare ni har ƙarshe, idanun nan ba su nuna komai ba. Ya ce, "Ka kyauta da ka zo." Ya sa aka raka ni ƙofa. Shi ke nan.

Ranar komawata Ilyasu ya ɗauki jakata har tasha. Matarsa ta ƙullo mini cuku da dabino, abin da ya ƙara kashe ni. Muna tsaye jikin mota na ce, "Me Agali ya ce maka ranar nan?"

Ya ce, "Cewa yay yi in ci gaba da gyaran babura, nan Allah ya ba ni ido. In yana neman mutum kuma, zai tambayi wani."

"Aikinka dai yana nan?"

"Aiki na nan. Maganata ce ba ta nan."

Na so in yi wasa, na nemi ko guda na rasa. Na ce zan dawo in sake ɗauka kyauta, zan koya, zan yi wata guda ina bin 'yan kabu-kabu a titi har hannuna ya faɗa. Ya ce to. Direba ya fara kiran fasinja. Na sa ƙafa ɗaya a mota na juyo na ce, "Ilyasu, yanzu in mutanen gida sun tambaye ni yadda aka yi, me zan ce musu?"

Ya miƙo mini jakata ya ce, "Malam Bello, share musu yashin mana. Ai ka iya."